Maɗorin da Yatsunsa Suka Yi Shiru

Daga Allah muka zo, kuma wajensa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana na wajen uba, wanda duk gidanmu muke kira Baba Tsoho, ya amsa nasa kiran ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ƙauyenmu yana bayan Minjibir, inda gona take manne da gona, gida yana hango gida, don haka labari ba ya jiran mai kai shi. Kafin a gama haɗa ruwan wanka, mutane sun bar gyaɗarsu a zube a kan kunya, sun taho da ƙasa a hannu.

Ina cikin mata a tsakar gida, kusa da Gwaggo, babbar 'yarsa, wadda tun rasuwar mijinta ta dawo gida take kula da shi. Duk wadda ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" sai Gwaggo ta amsa, "Alhamdu lillahi. Ya tafi da ƙafafunsa biyu." Haka ta yi ta maimaitawa har la'asar. Na ji wata baƙuwa tana raɗa wa ta kusa da ita, "Wannan wace irin amsa ce? Uba guda, ko hawaye babu?" Wadda aka yi wa raɗar 'yar garinmu ce. Ta ce, "Ke dai yi masa addu'a. Ba ki san abin da suka gani ba."

A ƙofar gida kuma, in ji Baffana, ƙanen babanmu, zaman makokin ya ɗauki wani salo. Baba Tsoho maɗori ne, kuma rabin waɗanda suke kan tabarmin nan sun taɓa kwanciya a gabansa. Sai wannan ya naɗe hannun riga ya nuna inda ya karye da ya faɗo daga kan rumbu, wancan ya ɗaga wando ya nuna ƙwauri. Ranar sadakar uku wani makiyayi ya shigo mota tun daga wajen Shanono. Bai iya dogon jawabi ba. Ya tsaya a tsakiyar mutane, ya buga ƙafarsa ta dama a ƙasa sau uku da ƙarfi, ya ce, "Sa ne ya taka ta. Allah ya jiƙan mai wannan aiki." Ya shafa fatiha ya zauna.

Ni na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wata ajiyar zuciya da na daɗe ban yi irinta ba. Ina so in rubuta dalili, don kada a ɗauka ba mu so shi ba, kuma don kada 'ya'yanmu su tashi sunansa kawai suka sani.

Abin da na fi tunawa da shi shi ne ido a rufe yake aiki. A gindin darbejiyar ƙofar gida ake kwantar masa da mai karaya. Sai ya wanke hannu da ruwa mai ɗumi, ya shafa man shanu a yatsu, ya yi bismillah, ya runtse ido. Ba ya fara taɓa inda ya karye. Lafiyayyen hannun ko lafiyayyiyar ƙafar yake fara bi daga sama har ƙasa, wai don yatsa ya ji yadda Allah ya yi ta tun farko. Sannan ya koma ga mai ciwon, yana tafiya a hankali kamar mai neman allura a cikin gari. Can sai ya tsaya cak, ya ce, "Ga ta nan. Ba ta rabu biyu ba, tsagewa ta yi." Ko ya ce, "Wannan targaɗe ne, tashi ka ba mutane wuri."

Yana tattalin yatsun nan kamar yadda wasu suke tattalin ido. Ba ya sa hannu a tuwo sai ya huce. Ba ya riƙe kofin shayi ta ciki. Manomi ne kamar kowa, tafin hannunsa duk kanta, amma kan yatsunsa laushi gare su kamar na jariri.

Idan ya gama jera kara ya ɗaure, aikin bai ƙare ba. Sai ya ce wa mutum ya kau da kai, ya riƙa mintsinin yatsunsa ɗaya-ɗaya yana tambaya, "Wanne na taɓa?" Idan mutum ya ce, "Baba, kamar tururuwa na tafiya a ciki," ko ya ce bai ji ba, nan take zai kwance ɗaurin ya sake. Yana yawan cewa, "Mai ihu ba ya ba ni tsoro. Wanda ya ce min ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, shi ne yake hana ni cin abinci."

Baffa ya koyi sana'ar a wajensa, sai dai hannunsa da nauyi, yana ɗauri kamar mai ɗaure damin dawa. An yi faɗa, an yi nasiha, bai daina ba. Ran nan, Baffa yana da mata da 'ya'ya fa a lokacin, Baba Tsoho ya ce masa ya miƙo hannu. Ya jera masa kara, ya ɗaure irin ɗaurin da shi Baffan yake yi, ya ce, "Zauna nan, ina zuwa." Ya tafi ya ba awaki harawa, ya dawo ya tarar da Baffa yana gumi, yatsu sun kumbura.

"Motsa su."

"Baba, ba sa motsi. Kamar ba nawa ba."

"To haka kake yi wa bayin Allah, su kuma kunya ta hana su faɗa maka."

Baffa ya yi kwana biyu yana fushi. Amma har yau, idan ya ɗaure, sai ya zura yatsa ƙarƙashin tsumman ya ji ko akwai wurin numfashi.

Akwai wani tsoho da yake zaune shi kaɗai a bayan gonarmu, kuturu ne. Mutane suna aika masa abinci, amma daga bakin danga ake ajiyewa. Baba Tsoho kuwa duk Juma'a, idan an sauko daga masallaci, sai ya biya ta wajensa. Ya zauna a tabarmarsa, ya ɗora ƙafafun mutumin a cinya, ya duba tsakanin abin da ya rage na yatsu, ya cire ƙaya, ya wanke ƙuna. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta sha yi masa magana a kan haka. Amsarsa ɗaya ce: "Ni idan na taka wuta, ƙafata za ta gaya min. Shi tasa ba ta gaya masa komai. Dole wani ya duba masa." Haka ya yi har mutumin ya rasu, kuma shi ya yi masa wanka.

Na girma, na yi karatun kiwon lafiya, aka ba ni aiki a asibitin sha-ka-tafi na kusa da mu, na yi aure a unguwar da ke tsallaken gonaki. Baba Tsoho yana kirana Amarya, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu, idan kuma yana son ya ja ni faɗa sai ya ce Malamar Allura.

Wata rana da yamma, lokacin girbin gero, Gwaggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a zaure tana riƙe da buzun sallarsa, jini ya ɓata shi. Ta nuna min ƙasa: sawun ƙafa ɗaya ja, ɗaya fari, tun daga ƙofar gida. Shi kuwa yana zaune yana jan carbi hankali kwance.

Na ce, "Baba Tsoho, kawo ƙafar."

"Me ƙafata ta yi miki, Amarya?"

Na juya tafin ƙafar hagu. Ƙayar aduwa ce ta huda takalmin roba ta shige, tsawonta ya kai gaɓar yatsa. Daga gona ya taho da ita, ya yi alwala, ya yi sallah a kanta. Na zare ta ina kallon fuskarsa. Ko gira bai ɗaga ba.

Na zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar Gwaggo, na ce ya rufe ido, duk inda na taɓa ya ce ya ji. Na taɓa babban yatsa, shiru. Na taɓa diddige, shiru. Sai na janye hannuna gaba ɗaya, na riƙe tsinken a sama.

Ya ce, "Na ji."

Gwaggo ta dafe baki. Na ce, "Baba Tsoho, ban taɓa ka ba."

Ya buɗe ido, ya ga tsinken a sama. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce ni da aka haifa a gabansa zan yi masa tarko da tsintsiya? Na ce sai mun je babban asibiti a Kano. Ya ce babu inda za shi, boko ce ta sa na raina mutane. Na ce ai irin gwajin da yake yi wa mutane ne na yi masa. Wannan maganar ce ta ƙara hura wutar. Ya janye ƙafarsa, ya juya min baya.

Kusan mako uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ya daina cewa Amarya, na koma "yarinyar nan". Baffa yana barbaɗa masa garin magani, shi kuma yana ci gaba da zuwa gona a kan ciwon, tunda ba ya jin komai. Ramin ƙayar ya buɗe, ya zama gyambo, ya fara wari.

Gwaggo ce ta karya shi. Ta kawo masa koko da safe, ina tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Da wani aka kawo maka gindin darbejiya da wannan ƙafar, ya ce maka ba ta yi masa ciwo, me za ka ce?"

Ya ture kokon gefe. Sannan ya ce, "Ke, shigo." Na shiga na durƙusa. Ya rage murya ya ce, "Ya fi shekara ina jin kamar a kan auduga nake tafiya. Idan na ɗago daga sujada sai na kalli ƙasa kafin in san inda ƙafata take. Na san wannan ciwon. Na riƙe shi a cinyata duk Juma'a. Ba na so a riƙa ajiye min abinci a bakin danga."

Ashe abin da yake ɓoyewa ke nan. Washegari muka shiga motar Kano, ni da shi da Baffa.

Likitan da ya gan mu mai haƙuri ne. Bayan an gwada jini, an duba fata, ya ɗauki takarda ya zana mutum. Ya ja layi daga babban yatsan ƙafa, ya bi da shi ta gadon baya har cikin kai. Ya ce a ƙarƙashin fata akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani. Wasu shafa suke ji, wasu dannawa, wasu girgiza, wasu zafi da ciwo. Akwai kuma na cikin nama da gaɓoɓi, waɗanda suke gaya wa mutum inda ƙafarsa take ko da idonsa a rufe. Da zarar abu ya danne fata, su suke fara sani, sai su tura saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Ba jijiyar jini ba, in ji shi, wata ce daban mai kama da zare. Suga idan ya daɗe da yawa a jini yana cinye wannan zaren, kuma da mafi tsawo yake farawa. Shi ya sa ƙafa take riga hannu.

Baba Tsoho ya karɓi takardar ya ƙura mata ido. Ya ce, "Wato duk shekarun nan da nake cewa yatsana ne yake ji, ashe ɗan aike ne?"

"Ɗan aike ne, Baba."

"In na matse ɗauri mutum ya daina ji, hanyar ɗan aiken na tare."

"Ita ce kuwa."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa sunan mutumin da suka daɗe suna gaisawa a hanya. Sannan ya tambayi abin da ya kawo shi: "Ba kuturta ba ce?"

"Ba ita ba ce. Ciwon suga ne. Ko ita ɗin ce ma, yanzu tana da magani."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Amma likitan bai gama ba. Ya ce idan gyambon ya kai ga ƙashi, ba makawa sai an yanke ƙafar. Muka shiga motar komawa gida, har muka wuce rabin hanya. Can ya juyo ya ce, "Amarya, ni da na hana a yanke ƙafafun mutane, a kai ni kabari da guda ɗaya? Faɗi abin da za a yi, zan bi."

Ya kuwa bi, ko da yake da ƙorafi. Aka raba shi da suga a shayi da koko, ya ce mun mayar da shi ɗan fursuna. Aka hana shi taka ƙafar, mutumin da bai taɓa wuni bai leƙa gona ba. Kullum kafin in tafi aiki sai na ratso gonaki na wanke ciwon na naɗe. Gwaggo ta koyi zazzage takalmansa kafin ya sa, da gwada ruwan alwala da gwiwar hannunta. Tun daga girbin geron nan har aka yi shukar wata shekara muna abu ɗaya. Akwai makon da ciwon ya koma baya, na fita bayan ɗaki na yi kuka na share ido na dawo. Ranar da fata ta rufe ruf, na ba shi madubi ya duba da kansa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce a kira masa Baffa, a dafa abin sadaka.

Ƙafa ta tsira. Bayan shekara biyu abin ya iso hannu.

Mu mun lura kafin ya faɗa. Carbi sai ya kalla yake ja. Maɓallin riga yana gagararsa. Amma ba wanda ya iya yi masa maganar ɗori, ni kuma na riga na ɗanɗana fushinsa sau ɗaya. Kullum na ga an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya sai in matso kusa ina kallon hannunsa. Tsorona kada a ƙarshen rayuwarsa ya nakasa wani da hannun da ya warkar da jama'a.

Ran nan aka kawo wata mata daga ƙauyen gaba, ta faɗo daga kan babur, gwiwar hannunta ta kumbura suntum. Baffa ya tafi kasuwa. Ina gidan na zo gwada masa suga, na fito na tsaya daga gefe. Ya wanke hannu, ya shafa man shanu, ya rufe ido. Ya bi lafiyayyen hannun. Ya koma mai ciwon. Ya bi, ya dawo, ya sake bi. Matar tana cije leɓe. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na ji kamar wuni guda.

Sai ya buɗe ido, ya ɗora hannuwansa a cinya, ya ce wa mijin, "Ɗauke ta ka kai ta asibiti a yi mata hoto."

Mijin ya ce, "Haba Baba, ai saboda kai muka zo. Kai ka ɗora ni ina yaro."

"Wanda ya ɗora ka yana da yatsu. Waɗannan da kake gani sun daina gaya min gaskiya. Idan na ja hannun nan, da ka zan ja, ba da sani ba. Matarka ba abin gwaji ba ce." Ya waiwayo ya ce, "Malamar Allura, rataye mata hannun da ɗankwali, ki rubuta musu inda za su."

Na yi yadda ya ce. Daga ranar bai sake taɓa karaya ba. A gari aka yi ta magana, wasu suka ce jikarsa ce ta zuga shi. Bai tanka wa kowa ba. Daga baya muka ji cewa ƙashin ya fashe har cikin gaɓa, sai da aka yi mata aiki, kuma hannun ya tashi. Shi kuma ya koma zama kusa da Baffa idan ana ɗori, yana tambayar mai ciwo da baki, yana cewa wannan naka ne, wannan na asibiti ne.

Shekararsa ta ƙarshe ta yi nauyi. Ƙafafun da ba sa jin ƙaya sai ga su suna yi masa raɗaɗi kamar an zuba garwashi, ba ciwo a fili, ba abin da za a shafa. Jiki ya yi rauni, ya daina fita. Ni da Gwaggo kullum muna juya shi, muna duba diddige da tsakanin yatsu, zuciya a hannu, don mun san ƙurji ɗaya ya isa ya mayar da mu gaban likitan nan. Bai taɓa cewa ya gaji ba, amma ya fara cewa, "Allah ka sa in cika da kyau, kada ka daɗe da ni a kan bayinka."

Cikin wannan damina na haihu, mace. Da muka yi arba'in na kawo masa ita. Gwaggo ta jingina shi da filo, na miƙa masa jaririyar. Ya ɗaga hannu, sai ya mayar.

"A'a. Ban san ƙarfin da zan riƙe ta da shi ba. Kada in matse ta, ko in sake ta ban sani ba."

Na tsaya da ita a hannu. Sai ya ce, "Kwantar min da ita a ƙirji. Nan har yanzu da sauran labari."

Na kwantar da ita a gicciye. Numfashinsa yana ɗaga ta yana saukewa. Ya ce, "Kai, tana da nauyi. Ga ɗuminta nan." Ya sunkuyo da kai a hankali yana mata addu'a, har kumatunsa ya taɓa tafin ƙafarta. Gemun ya sosa ta, ta ja ƙafa, ta sakar masa shuri a kan hanci.

Ya yi dariya har da tari, hawaye na bin gefen idonsa. Gwaggo na dariya, ina dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Na haura shekara tamanin ba wanda ya taɓa shurina a fuska, sai wannan baƙuwar. Ku bar min ita a nan tukuna. Kada ku ɗauke."

Muka bar ta har ta yi barci a ƙirjinsa, shi ma ya bi ta.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyar Baffa, ba tare da wata wahala ba.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ya tausaya wa jikin bayinka, ka tausaya wa nasa. Ka sassauta masa ƙasa, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.